Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Riƙe Da Ragamar Asibitoci Kan Aikin Afendis A Birni Da Karkara

Zuwa ga ministocin lafiya, kwamishinoni da shugabannin hukumomin kula da asibitoci,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu da muka sa hannu a wannan takarda likitocin tiyata ne, da masu sa barci a ɗakin tiyata, da ma'aikatan jinya, wasu a manyan asibitocin birni, wasu a na karkara. Ciwo ɗaya muka ɗauko mu yi muku magana a kansa, wato afendis. A cikin tiyatar gaggawa ta ciki babu wadda ake yi da yawa kamarta, domin kusan mutum 7 ko 8 cikin 100 za su gamu da ciwon a tsawon rayuwarsu, galibi tsakanin shekara 10 da 30. Idan an zo da wuri, aiki ne da ƙwararre ke gamawa cikin awa guda. Duk da haka ɗan ƙauye ya fi ɗan birni kwanciya mai tsawo, ya fi shi ruɓewar rauni, ya fi shi mutuwa. Mafi yawan wannan tazara tana faruwa ne kafin a sa wuƙa da kuma bayan an ɗinke, kuma wuraren nan biyu su ne kasafinku ya fi mantawa da su.

Afendis ɗan reshe ne mai rufaffen ƙarshe, yana rataye a farkon babban hanji, a ƙasan ciki ta hannun dama. Tsawonsa bai cika wuce santimita 10 ba. Idan bakinsa ya toshe, ko da dunƙulen bayan gida da ya taurare ko da kumburin bangonsa, majinar da yake fitarwa sai ta taru a ciki, ƙwayoyin cuta su yi ta hayayyafa, matsin ya ƙaru har ya danne jijiyoyin da ke kai wa bangon jini. Bangon da ya rasa jini ruɓewa yake yi, bayan ruɓa sai fashewa. Ciwon kan fara a kewayen cibiya, mutum ya ƙi abinci, ya yi amai sau ɗaya ko biyu, bayan wasu awanni ciwon ya gangara ya tsaya a wurin da Charles McBurney ya siffanta a 1889: a ja layi daga tsinin ƙashin ƙugu na dama zuwa cibiya, kashi ɗaya cikin uku daga ƙashin. A yinin farko fashewa ba ta da yawa. Da an haura awa 36 ba magani, haɗarin sai ya yi ta hawa. A yara 'yan ƙasa da shekara 5 abin ya fi muni, domin tantanin kitsen da ke lulluɓe hanji, wanda a jikin babba yakan je ya kewaye wurin da ya kumbura ya tsare mugunyar, a jikinsu bai gama girma ba, mugunyar sai ta watsu ko'ina. Akwai kuma wata yaudara da ke halaka mutane. Lokacin da afendis ya fashe matsin ya sauka, ciwon kan lafa na ɗan lokaci, dangi su ce an samu sauƙi, a fasa tafiya asibiti. Bayan awanni cikin ya ƙame, zazzaɓi ya tashi, numfashi ya yi sauri.

Saboda haka wanda ya ɗauki adadin mace-macen asibitin karkara ya jera da na birni, ya ce wannan ya fi wancan iya aiki, bai yi adalci ba. Asibitin birni yakan karɓi afendis da ya kumbura jiya. Na karkara sau da yawa yakan karɓi ciki cike da mugunya, a jikin da ya kwana uku yana amai ba ya riƙe ruwa. Ko a Amurka, inda hanya da mota ba su da wuya, bincike ya nuna mazauna karkara sun fi zuwa da afendis da ya riga ya fashe.

Kwamitin mujallar Lancet kan tiyata a duniya ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata. Ya kuma ba da ma'auni: kashi 80 cikin 100 na jama'a su iya isa, cikin awa 2, asibitin da ke iya buɗe ciki, da fitar da jariri ta tiyata, da gyara karayar da ƙashi ya huda fata. A 2015 ɗin kuma Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙuduri mai lamba 68.15, wanda ya sa tiyatar gaggawa da sa barci cikin kulawar da kowa ya cancanta. Muna tunatar da ku ne cewa awa 2 ɗin nan ana ƙirga ta zuwa asibitin da zai yi aikin a daren, da fitila da iska da ma'aikaci. Gini mai allon suna a bakin ƙofa bai shiga lissafi ba.

Jinkiri na farko da za ku iya ragewa yana ƙaramin asibitin da mara lafiya ya fara tsayawa. A nan ake ba shi maganin gyambon ciki ko na zazzaɓi, wani lokaci har da maganin wankin ciki, a ce ya dawo jibi. Ma'aikacin wurin ba sai ya iya tiyata ba, amma lallai ya iya kwantar da mutum ya taɓa cikinsa. Akwai ma'aunin da Alfredo Alvarado ya fitar a 1986, mai maki 10: ciwon da ya tashi daga cibiya ya koma dama maki 1, ƙin abinci 1, tashin zuciya ko amai 1, zafi idan an danna ƙasan dama 2, zafi idan an sake hannu farat ɗaya 1, zazzaɓi 1, ƙaruwar fararen ƙwayoyin jini sama da 10,000 maki 2, rinjayen nau'in da ke yaƙar baktiriya a cikinsu 1. Maki 7 daga cikin 10 da hannu da tambaya da ma'aunin zafin jiki ake samunsu, ba a buƙatar ɗakin gwaji. Wanda ya kai 7 likitan tiyata ya kamata ya gan shi a yinin. Wanda yake 5 ko 6 a kwantar da shi a sake duba cikin bayan awa 4 zuwa 6, kada a sallame shi. Wannan takarda ce shafi ɗaya da za a manna a bango a koyar a yini guda. A haɗa da soke tsohuwar al'adar hana maganin kashe zafi wai don kada ya ɓoye alamu. An gwada an gani, ba ya ɓata ganewar likita, wahala kawai ake ƙara wa mai ciwo.

Wajen gano ciwon birni yana da rinjaye na gaske. Hoton siti-sikan yana kama afendis a fiye da 9 cikin 10, yana kuma nuna ko ya fashe ko ya tara ƙurji. Ba ma roƙon a kai wannan na'ura kowane asibitin karkara. Abu uku muke roƙo. Na'urar sikanin ciki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, da wanda aka horar a kanta, domin afendis da kaurinsa ya wuce milimita 6 kuma ba ya lotsuwa idan an danna shi alama ce mai ƙarfi, musamman a yara da masu juna biyu. Awon jini da ake iya yi da tsakar dare. Sai tsinken gwajin ciki, ga duk macen da ta isa haihuwa, ko da aure ko babu, kafin a shiga da ita. Cikin da ya zauna a waje da mahaifa ya fashe yana kama da afendis ƙwarai, kuma shirinsa daban ne, jini ake nema tun kafin a yanka. Haka hujewar hanji ta taifot, da murɗewar ƙwan mace, da tsakuwar ƙoda da ta maƙale a hanyar fitsari, duk suna iya shigowa da wannan kama.

Yanzu ga inda muka fi so ku tsaya ku saurara. Mutumin da cikinsa ya cika da mugunya ba a ruga da shi ɗakin tiyata kai tsaye. Jijiyoyinsa sun bushe, hawan jininsa a bakin faɗuwa yake, kuma maganin barci zai ƙarasa kayar da shi. Ana sa masa kanula mai faɗi guda biyu, a ɗura ruwan Ringa ko ruwan gishiri na asibiti. Idan ƙwayoyin cutar sun shiga jini har hawan jini ya sauka, ma'aunin da aka saba shi ne mililita 30 ga kowane kilo na nauyinsa cikin awa 3 na farko, wato kusan lita 2 ga mai kilo 60. Ana sa robar fitsari a riƙa aunawa duk awa, domin fitsarin shi ke faɗa mana ko ƙoda na samun jini: rabin mililita ga kowane kilo a awa ga babba, mililita 1 ga yaro. Idan cikin ya kumbura yana amai, a zura roba ta hanci a kwashe abin da ke tumbi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ta jijiya ake ba da shi tun a lokacin, kuma sai ya haɗa da mai kashe ƙwayoyin hanji masu rayuwa ba iska. Haɗin da aka fi samu shi ne seftirayazon giram 2 da metronidazol miligiram 500 ga babba. Ga afendis da bai fashe ba, allura ɗaya cikin minti 60 kafin yanka ta wadatar. Ga wanda ya fashe a ci gaba kwana 3 zuwa 5. Duk kayan nan masu araha ne, kuma duk su ne aka fi rubuta wa dangi a takarda a ce su je su sayo, da dare, a garin da kantin magani ya rufe. Awa 3 da ya kamata a yi ana ɗura ruwa sai ta tafi a neman ledar ruwan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon kowane asibitin da ke tiyata ya kasance da ƙunshin gaggawa a kulle a ɗakin, mai ruwa da kanula da robobi da magani da zaren ɗinki da safar hannu, a buɗe shi a fara aiki, maganar biya ta biyo baya.

Sa barci shi ne wurin da bambancin birni da karkara ya fi kisa, ko da yake ba a cika ambatonsa a taro ba. A birni akwai ƙwararre da na'urar numfashi da allo mai nuna bugun zuciya. A karkara sau da yawa mutum ɗaya ne, da maganin barci na ketamin ko allurar baya mai kashe rabin jiki na ƙasa. Kowannensu yana da wurinsa. Allurar baya tana yi wa matashi mai afendis da bai fashe ba, amma tana buɗe jijiyoyin jini, don haka a jikin da ya bushe hawan jini na iya faɗuwa warwas cikin mintuna. Ketamin yana riƙe hawan jini, shi ya sa ake son sa, sai dai ba ya sakin naman ciki yadda mai aiki zai ga ko'ina, kuma ba ya hana amai gangarawa cikin huhu. Wanda hanjinsa ya tsaya, tumbinsa cike yake ko da ya kwana bai ci ba. Irin wannan sai an zura masa roba a maƙogwaro an tsare hanyar iska. Wannan yana buƙatar hannu da ya koya, da iskar oksijin da ba ta yankewa, da na'urar zuƙe ruwa mai aiki, da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini. Ba tare da ita ba sai leɓe ya canja launi ake gane iska ta yi ƙasa, a lokacin kuwa an makara.

Aikin kansa ba ya bambanta sosai. A tiyatar buɗewa ana yanka ɗan tsaga a ƙasan dama, a raba naman ciki bisa tsarin zarensa, a nemo farkon babban hanji, a bi igiyoyin nama uku da ke jikinsa domin a gindin afendis suke haɗuwa. Wannan dabara tana da amfani saboda a mutane da yawa afendis a bayan hanji yake ɓuya. A ɗaure jijiyar jininsa, a ɗaure gindin, a yanke, kada guntun da ya rage ya wuce milimita 5, in ba haka ba yana iya sake kumbura wata rana. Idan aka tarar da afendis lafiya lau, ba a rufewa sai an duba kimanin santimita 60 na ƙarshen ƙaramin hanji, a mace kuma a duba ƙwai da bututun mahaifa. Idan mugunya ta game ciki, ta tsakiya ake buɗewa a zuƙe a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi. Tiyatar kyamara, wadda Kurt Semm ya fara yi wa afendis a Jamus a 1980, huji uku ake yi, a hura ciki da iskar kabon, kuma amfaninta tabbatacce ne: rauni bai cika ruɓewa ba, zafi kaɗan, sallama da wuri, ga damar duba mara a mace. Muna son ta yaɗu. Amma ba ta yiwuwa sai da cikakken barci da wuta tsayayya da tukwanen iska da mai gyara. Asibitin da tukunyar turara kayansa ba ta kai digiri 121 ba, ko ba ta riƙe shi minti 15 zuwa 30 gwargwadon ƙunshin ba, tukunyar ya kamata a fara gyara masa. A kuma tilasta amfani da jerin tambayoyi 19 na tabbatar da amincin tiyata na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fitar a 2008. A gwajin farko a asibitoci 8, mace-mace bayan tiyata sun sauka daga 1.5 zuwa 0.8 cikin 100.

Bayan an fito, aikin ya koma hannun ma'aikatan jinya, kuma nan ne ake rasa mutane. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25 aka wallafa a 2018, kan marasa lafiya 11,422, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata ya ninka matsakaicin duniya, alhali marasa lafiyar sun fi ƙuruciya, kuma kashi 94 cikin 100 na mace-macen sun faru ne bayan ranar aikin. Ma'ana a ɗakin kwanciya. Wanda aka yi wa aikin afendis da ya fashe ana auna bugunsa da numfashinsa da hawan jininsa duk minti 15 a awa ta farko, sannan a riƙa tsawaitawa. Numfashi mai sauri ne yakan fara nuna matsala, kuma shi ne aka fi tsallakewa a takardar awo. Fitsarin da ya ragu, bugun da ya ƙi sauka, zazzaɓi mai hawa da sauka tsakanin kwana 5 da 10 tare da gudawa ko kumburin ciki, wannan ƙurji ne ya taru a ciki, sai an zuƙe shi ko an sake buɗewa. Ma'aikaciya ɗaya da aka bar wa ɗaki cike da dare ba za ta iya ganin wannan ba komai ƙwazonta. Ku ƙara hannu a aikin dare, ku ware gadaje biyu ko uku kusa da teburin jinya, masu oksijin, don waɗanda suka fi jin jiki, ku kuma rubuta iyakar awon da idan an haura dole a tashi likita.

Game da tura mara lafiya birni, ba kowa ya kamata a tura ba. Matashi mai afendis da bai fashe ba, a asibitin da ke da hannu da kaya, a yi masa a nan. Ƙaramin yaro, tsoho mai ciwon zuciya, mai tsohon ciki, da wanda hawan jininsa ya ƙi dawowa daidai bayan an ɗura masa ruwa, su ake turawa, amma bayan an fara farfaɗo da su. A kira asibitin da za a je a tabbatar akwai gado, a tafi da ruwa a rataye da robar fitsari, an ba da allurar farko ta magani, ma'aikaci na rakiya, da takarda mai nuna lokacin da ciwo ya fara da abin da aka bayar da ƙarfe nawa. Miƙa wa dangi guntun takarda a ce su nemi mota ba turawa ba ce.

Wasu za su ce muku yanzu magani kaɗai yana warkar da afendis, don haka karkara ta huta. Ku yi hattara da wannan magana. A binciken Finland na 2015, kashi 27 cikin 100 na waɗanda aka ba magani sun koma tiyata cikin shekara guda, a shekara 5 suka kai 39. A na Amurka na 2020, kashi 29 an yi musu aiki cikin kwana 90, masu dunƙulen nan mai tauri a bakin afendis kuwa kashi 41. Kuma duka an zaɓo su ne bayan hoto ya tabbatar da ciwon, suna kusa da ɗakin tiyata idan abin ya ɓaci. Hanya ce mai kyau ga wanda aka tantance, ko a matsayin gada kafin a isa inda za a yi aiki. Akwai kuma wanda ya zo bayan kwana 4 ko 5 da dunƙule a ƙasan dama, jiki ya riga ya kewaye ciwon. Shi sau da yawa magani da sa ido sun fi wuƙa, don yanka cikin wannan cuɗewa na iya huda hanji.

Birni ma yana da nasa laifin. Mara lafiya kan isa da wuri ya kwana a benci yana jiran layin hoto, ko jiran ɗakin tiyata da haɗarin mota ya cika. Binciken da aka yi a Finland da Norway aka wallafa a 2023 ya nuna cewa ga afendis da bai fashe ba, jiran da bai wuce awa 24 a asibiti ba bai ƙara fashewa ba idan aka kwatanta da awa 8. Wannan izini ne na a jira safiya ƙarƙashin kulawa, ga mutumin da aka tantance. Bai shafi mai ciki cike da mugunya ba. Sannan kowane afendis da aka cire, a birni ko ƙauye, a sa shi a ruwan fomalin a aika ɗakin gwaji, domin kusan 1 cikin 100 ƙari ake samu a ciki, kuma sakamakon ne ke nuna wa asibiti yawan lafiyayyun da yake cirewa a banza.

Ma'aunin Lancet na ma'aikata shi ne ƙwararru 20 na tiyata da sa barci da haihuwa ga kowane mutum 100,000. Ƙasashe da yawa ba za su kai nan kusa ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da ke akwai a birni suka taru. Mozambik tun 1984 take horar da ma'aikatan da ba likitoci ba su yi tiyatar gaggawa a asibitocin gunduma, Malawi da Tanzaniya ma suna da irin wannan tsari. Yana aiki idan horon ya yi tsawo, an iyakance ayyukan da za su yi, kuma akwai ƙwararren da ke zagayowa yana dubawa, yana ɗaukar waya da dare.

A ƙarshe muna roƙon ku umarci kowane asibiti ya riƙa rubuta abu shida ga duk mai afendis: awa nawa daga fara ciwo zuwa isowa, awa nawa daga isowa zuwa allurar farko da zuwa yanka, ya fashe ko bai fashe ba, irin barcin da aka sa, ko rauni ya ruɓe ko an sake buɗewa, da halin da yake ciki bayan kwana 30. A tattara duk wata uku, a kwatanta wanda ya fashe da wanda ya fashe, wanda bai fashe ba da ɗan'uwansa, a aika wa asibitocin sakamakonsu su gani. A shirye muke mu zauna da jami'anku mu tsara takardar, mu kuma ɗauki nauyin horon farko.

Wassalam.

Naku masu biyayya,
Likitocin tiyata, masu sa barci da ma'aikatan jinya na asibitocin birni da karkara